Kurmin da Gwaggo ta bari

Gonarmu ta gado doguwa ce, siririya. Ƙafarta na cikin rairayin kwari, inda hatsi ke yi, kanta kuma ya jingina da gindin dutse, irin duwatsun nan namu na Arewa masu jan gaba da shimfiɗaɗɗen kai. Daga garinmu, a ƙasar Kiyeshe, in ka fita bayan sallar asuba kana isa kafin rana ta leƙo. Can wajen kan gonar akwai wani yanki da ba a taɓa sa masa gatari ba. Geza da sabara sun cushe a ciki, ga kalgo da anza da magarya, ga manyan aduwa biyu, sai wani kwazazzabo da ruwan dutse ke bi in an yi ruwan sama. Mutane na ce masa kurmin Gwaggo.

Gwaggo yayar mahaifinmu ce. Ita ta riƙe ni da ƙanena bayan rasuwar mahaifiyarmu. Tana salla, tana azumi, amma ba ta saki abin da ta tarar ba. A wurinta kurmin nan na doguwa ne, iskar da kakanni suka ce ta riga su zama a wurin. Kowace shekara kafin ruwan fari sai ta ɗauki ƙwaryar nono da gumba ta kai gindin babbar aduwa, inda aka girke wata tsohuwar kwatarniya tsakanin duwatsu uku. Ba mai sara a wurin, ba mai harbi. Ko makiyayi kewayewa yake yi da bisashensa.

Ni tsuntsaye ke kai ni. Ina bin Gwaggo riƙe da bakin zanenta, mu zauna bisa wani falalen dutse, ta ce in rufe baki in buɗe kunne. A nan na koyi raba kukan fakara da na zabo, na san cilakowa da tashinta kamar mai ninƙaya, na san tsirya da ke wucewa da ihu kamar an biyo ta. Da la'asar zabin daji ke gangarowa daga dutse a jere, babba a gaba, suna tsayawa suna miƙa wuya. Gwaggo takan ce, "Ga masu gida nan sun komo. Tashi mu ba su wuri."

Daga baya aka sa ni lekol, makarantar boko, na yi nisa, na zama malamar makaranta. An kai ni Ɗan Kassari, an kai ni Kore Mairuwa, na yi shekaru a Tibiri, na ƙare a Dogon Dutsi. Duk tsawon lokacin nan ina ganin daji yana ja da baya ta tagar mota, ina ganin amalanken jakai na shigowa gari da lodin itace. Ba zan yi ƙarya ba, da wannan itacen na dafa wa ɗiyana tuwo. Ban taɓa tambayar mai amalanke daga ina ya saro ba.

Shekarar da na aje aiki maigidana ya riga ya rasu, ɗiyana kowa na gidansa. Gwaggo ma ta rasu da kakar da ta gabata, tana da tsufa ƙwarai. Sai na kwashe ƴan kayana na koma garinmu, na gyara ɗakinta na shiga.

Ban yi wata guda ba ƙanena ya zo bisa motonsa, wato babur. Ɗan kasuwa ne a Dogon Dutsi, yana sai da kayan gyaran moto, kuma yana cikin masu karatun nan da ba sa ɗaga wa al'adun da ƙafa. Mutumin kirki ne. Shi ya yi jinyar Gwaggo, shi ya riƙa ɗaukar ta kamar jinjira zuwa likita. Mun ci tuwo, mun taɓa hirar iyali, sannan ya gyara zama.

"Yaya, bana ina son a sassabe kan gona."

"Kurmin?"

"Shi. Ƙasar kwari ta gaji, ke ma kin ga abin da munka samu bara. Bakuna sun yi yawa. Kuma wurin nan ya daɗe yana ja muna magana. Tun Gwaggo na da rai ni ka haƙuri, don kar in ɓata mata. Yanzu ba wanda za a ɓata ma."

Maganarsa ta hatsi gaskiya ce, kuma ni kaina ban yarda akwai wata doguwa a gindin aduwa ba. In na ce masa saboda zabi, dariya zai yi. Na ce ya ba ni kwana uku.

Kwana ukun nan kullum da sassafe ina kurmi. Zabin suna nan, amma ba su kai rabin na da ba. A rana ta uku na hau kan dutsen da ƙyar, ina hutawa, na duba gabas da yamma. Ko'ina fili ne fetal, sai kututture nan da can. Kurminmu kaɗai ya yi duhu a gindin dutsen, kamar tabon tawada a farar riga. Na sauko na san abin da zan ce.

Mu biyu ne magadan mahaifinmu. Ba mu taɓa raba gonar ba, don ba abin da ya kawo rabon. Da ƙanena ya komo na ce masa a raba, shi ya ɗauki kashi biyu na kwari, ni a ba ni kashina a sama.

Ya ce, "Yaya, duwatsu da ƙaya za ki ɗauka? Mi za ki ci?"

"Hatsin ƙanena."

Ya yi murmushi ba da son ransa ba. Sannan ya ce ya yarda, amma da sharaɗi guda: a ɗauke kwatarniyar nan, kuma kar a sake kai nono ko gumba. Na ce na ji. Mai gari da liman suka zo suka taka iyaka, aka jera duwatsu, aka yi fatiha.

Ranar da na je ɗauke kwatarniyar an yi yayyafi da dare. Na tarar da ita da ɗan ruwa a ciki, bakinta duk kashin tsuntsu, ƙasan kewaye da ita kuma sawu ne birjik, manya da ƙanana. Ashe shekara da shekaru, ko mi Gwaggo ke nufi da ita, abin da kwatarniyar ke yi ke nan, shayar da tsuntsu. Ana cewa albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Nan kuwa albarkacin doguwa tsuntsu ya sha. Na ɗaga ta, gindinta ya zube a hannuna don tsufa. Na tattara ɓaraguzanta na binne a bakin kwazazzabo, na ɗan zauna ina tuna Gwaggo, sannan na tafi gida.

Da bazara ta tsananta, zafin nan da ko kurciya ke buɗe baki tana haki, na sa aka raba mini wani tsohon bido, jarkar ruwa ta roba, gida biyu. Na kai ɓari ɗaya inuwar kalgo, nesa da aduwar, na haƙa masa gurbi, na riƙa kai ruwa kowace safiya. Wata rana ƙanena ya zo duba sassabensa ya hango ni durƙushe a cikin kurmi. Ya iso fuskarsa a ɗaure.

"Yaya, ba haka munka yi da ke ba."

"Matso ka gani. Nono ne ko gumba?"

Ya leƙa. "Ruwa na."

"To ja baya, ka zamna can, ka yi shiru."

Ya zauna, yana kaɗa makullin moto a yatsa har na harare shi ya bari. Ba a jima ba kurciyoyi suka sauko, sai ƴan ƙananan nan masu jan ciki, sai fakara guda ta fito daga ƙarƙashin geza tana taku ɗaiɗai, ta sha, ta ɗaga kai sama, ta sake sha. Ƙanena ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Da zai tafi ya ce bidon ya yi ƙanƙanta, yana da wata tsohuwar tayar mota a shago, in an tsaga ta za ta fi cin ruwa. Ranar kasuwa ya kawo ta ɗaure a bayan moto.

Abin da ban hango ba shi ne wannan: ashe tsoro ne shingen kurmin. Da labari ya bazu cewa an ɗauke kwatarniya kuma ba abin da ya sami kowa, sai gatari ya fara shiga. Na zo wata safiya na tarar an tumɓuke geza uku har saiwa. Bayan kwana biyu an kwantar da rabin magarya. Na yi fushi, na yi niyyar zuwa wurin ƴan gandun daji, sai na tuna masu saran nan maƙwabtana ne, matan da muke haɗuwa a bakin rijiya, kuma tuwon dare suke nema.

Na ɗauki tabarma da kaɗina na koma zama a bakin kurmi. Rana ta biyu mata huɗu suka iso da gatura a kafaɗa. Da suka gan ni suka tsaya cirko-cirko. Babbarsu, wadda muka yi wasan ƙasa tare, ta ce, "Madam, ina kwana. Mun ji an ce wurin ya zama na kowa."

"Ya zama nawa. Ku zamna mu yi magana."

Mun daɗe. Ta ce mini ni na ci albashi na sayi itace a birni, su kuwa tun asuba suke tafiya har bayan dutse kafin su haɗa dami guda. Ban musa ba. A ƙarshe muka tsaya a kan cewa busasshen itace nasu ne, kowace ta ɗiba. Bayan kaka kuma, in an kai hatsi rumbu, za mu shiga tare mu rage rassa, kowane gindi a bar masa uku ko huɗu masu ƙarfi, abin da aka sare su raba. Ba tumɓuke saiwa, ba shiga da gatari da damina. Ba duka suka kiyaye ba. Amma waɗannan huɗun sun kiyaye, kuma da yake suna da rabo a ciki, bakinsu ya fi nawa kaifi in sun ga baƙuwar fuska.

Sai maharbi. Wani dattijo ne a unguwar yamma, siriri kamar kara, wanda ya yi suna da farauta tun ina yarinya. Da ruwan fari ya sauka na same shi tsugune a bakin kwazazzabo yana ɗana tarko na gashin wutsiyar doki. Bai ji kunya ba. Ya gaishe ni, ya ci gaba da aikinsa.

"Baba, gonar wa ka ke ciki?"

"Gonarki ta. Amma zabi na Allah na."

"Saura nawa sunka rage?"

Ya tsaya da ɗaurin. Ya ce bisa dutse babu ko ɗaya, bayan dutse ma babu. Nan kaɗai suke, kuma ya san su kamar yatsunsa, goma sha ɗaya ne, mata shida.

Na ce, "In ka kama shidan nan, baɗi mi za ka ɗana ma tarko?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce shekara hamsin yana yawo a daji ba wanda ya taɓa yi masa jarrabawa sai yau. Ya kwance tarkon ya cusa a aljihu. Ya ce shi ma ba nama ya kawo shi ba, zaman gida ne ya ishe shi, ƙafa ta saba da daji. Na ce to ga daji, ya riƙa zuwa, amma hannu a aljihu. Tun daga ranar kusan kullum muna tare. Mun yi da shi cewa in garken ya yi yawa, da rani zai iya ɗaukar namiji ɗaya ko biyu. Ya ɗauka sau biyu, ya kawo mini cinya, daga baya shi da kansa ya bari.

Shi ya nuna mini sheƙar zabuwa ta farko. Ya kai ni gindin wata sabara da ciyawa ta rufe, ya ɗaga reshe da sandarsa. Ɗan gurbi ne a ƙasa, cike da ƙwai masu ruwan ƙasa. Ya ce kar in taɓa, kar kuma in riƙa bin hanya ɗaya zuwa wurin, don kare da dila suna bin sawun mutum. Mun yi sati uku muna kewaya wurin daga nesa. Wata safiya muka tarar da gurbin wayam, ba ƙwai ba ɓawo. Wani ya kwashe ya kai wa kazarsa ta kwanta. Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Dattijon ya ce in kwantar da hankalina, akwai wasu biyu da bai nuna mini ba, don fuskata ba ta iya ɓoye magana. Hatsi na fara ɗaukar ciki ya kira ni da hannu daga bayan wani dutse. Na rarrafa na isa. Zabuwa ce ke tsallaka kwazazzabo, bayanta ƴaƴa kamar an watsa ƙwallon magarya suna gudu, wani na faɗuwa yana tashi. Na fara ƙirga na ɓace, na sake na ɓace. Gwiwoyina sun yi kwana biyu suna ciwo, ban damu ba.

Da kakar shekara ta uku maƙwabcin gonarmu na kudu ya kai ƙarata wurin mai gari, wai tsuntsayena sun cinye masa hatsi. Aka tara mu a zaure. Dattijon ya ce jan baki ne, ƴan tsuntsayen nan masu taron dangi a kan hatsi, suka yi ɓarnar, kuma kowa ya san daga tabkin kwari suke tasowa, ba sa kwana a kurmi. Maƙwabcin ya ce shi bai san wannan ba, tsuntsu dai tsuntsu ne, kuma ya ga kurciyoyina a kan zangarniyarsa. Wannan kam gaskiya ne. Na ce to tunda nawa ne, ni zan kore su. Kwana tara ina tsaye a gonarsa da gwangwani da tsakuwa a ciki, ina kaɗawa ina ihu, mace mai furfura wadda ta karantar da rabin ma'aikatan Dogon Dutsi. Masu wucewa bisa amalanke suna cewa, "Madam, ina aiki?" A rana ta goma matarsa ta kawo mini fura har gona, shi kuma ya ce in tafi gida haka nan, kunya ta ishe shi. Yanzu shi ke ba ni aron jakinsa in kai ruwa da bazara.

Ƙanena bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Har yau in an ce kurmin Gwaggo a gabansa sai ya gyara, ya ce dajin Yaya. Amma na lura da ya zo sassabe ya daina tumɓuke sabarar da ke tohowa a gonarsa, yana rage ta ne kamar yadda muke yi. Da na tambaye shi ya ce don iska ne, tana binne masa shuka. Wata shekara kuma ya zo da ma'aikata biyu muka haƙa ramukan nan na tare ruwan sama masu siffar rabin wata a fakon da ke sama da kurmi, muka zuba taki da ƙwayar kalgo da aduwa. Yawancinsu ba su yi ba. Awaki sun ci wasu, rana ta ƙone wasu. Bakwai sun tsira, sun kai ƙuguna yanzu.

Kwanakina a nan iri ɗaya ne, kuma ban gaji da su ba. In na yi salla sai in ɗauki sandata da ƴar butar shayi in kama hanya. In duba tayar ruwa, in cire ganyen da ya faɗa ciki, in zauna. Wani lokaci matan su same ni mu yi hira suna tsintar busasshe. Da rana ta yi zafi in komo gida.

Damina waccan, wata ranar Laraba da hantsi, ban fita ba don ina jin sanyi a jiki. Sai ga dattijon a ƙofar gida yana sallama sama-sama, numfashinsa na fita da ƙyar. Na ɗauka wani abu ya faru.

"Tashi, ɗiyata. Sa takalmi. Burtu."

Ban taɓa ganin burtu mai rai ba. Kansa kawai na sani, busasshe, wanda maharba ke ɗaurawa a goshi su yi rarrafe su yaudari namun daji. Dattijon ya ce shi ma yana da irinsa a cikin buhu, na mahaifinsa, amma rabonsa da ganin mai tafiya da ƙafarsa tun kafin a haifi babban ɗansa.

Muka tafi, tsoho da tsohuwa, kowa na jan ƙafa. A bakin kurmi ya kama hannuna ya zaunar da ni. Suna can a fakon da muka haƙa ramuka, su biyu, baƙaƙe ƙirin, tsayinsu ya kai na ɗan akuya. Suna tafiya a hankali kamar masu duba gonar da za su saya, suna sa baki a ciyawa suna ɗago fara. Ɗayan ya kama wani ƙadangare, ya buga shi da ƙasa, ya miƙa wa ɗayan. Can sai namijin ya kumbura maƙogwaro ya yi wani kuka mai zurfi, kamar an buga turmi a cikin rijiya. Na ji shi har cikin ƙirjina.

Na waiga in yi wa dattijon magana, na ga leɓensa na motsi, yana yi musu kirarin da maharba ke yi, a hankali yadda ba za su ji ba. Na bar shi.

Kwana biyu suka yi. A na uku muka zo ba su, sai sawunsu a laka, ya nufi arewa ta gindin dutse. Dattijon ya bi sawun har inda ƙasa ta yi tauri, ya komo ya zauna kusa da ni. Na zuba masa shayi. Ya ce irinsu ba sa zama wuri ɗaya, ƙasa mai faɗi suke so, wataƙila su biyo baɗi, wataƙila ba za su biyo ba. Ya kurɓa, ya ɓata fuska, ya ce sukarin bai ji ba. Na ƙara masa.